Baiti Biyu Kacal Kuka Bar Mahaifina Ya Rera

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da ya shirya taron karatun adabi a Yelwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ranka ya daɗe, a gaban jama'a aka wulaƙanta mahaifina, shi ya sa nake rubuto maka a gaban jama'a.

Sunana Rabi, ina koyarwa a firamare a Wara. Mahaifina shi ne Malam Garba, tsohon masuncin da kuka gayyata ya rera waƙarsa a ranar da marubuciya Hajiya Saude za ta karanta labarinta. Bai roƙe ku ba, ku kuka aiko masa da takarda. Waƙar a kan garinsu ce da tafki ya cinye tun yana ƙarami, inda kabarin mahaifiyarsa yake a ƙarƙashin ruwa har yau. Idonsa ya yi rauni, don haka shi ke faɗa ni ina rubutawa, har baiti arba'in. Ranar taron Inna ta goge masa rigarsa ta Juma'a, muka kamo hanya bayan sallar asuba.

Na farko, kun ce ƙarfe goma, amma ba a fara ba sai bayan azahar, wai ana jiran babban baƙo. Kun ajiye tsoho a benci can baya, rana na dukansa ta taga, alhali kujerun gaba babu kowa sai takardu masu sunayen waɗanda ba su zo ba.

Na biyu, da jawaban gaishe-gaishe suka ƙare, Hajiya Saude ta karanta nata, aka kira Baba. Na riƙe hannunsa har gaba. Ya rera baiti biyu, zauren ya yi tsit, na ga wata tsohuwa tana share hawaye da bakin mayafi. Daidai nan baƙon naku ya iso. Mai gabatarwa ya fizge makirufo daga hannun Baba ya hau kirari. Baba bai gani ba, ya ci gaba da rerawa, babu mai jin sa.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai: da baƙon ya zauna, mai gabatarwar ya kwaikwayi yadda Baba ke magana, ya ce, "Hausar bakin ruwa ai sai da tafinta." Aka yi dariya. Kai ma ka yi, ranka ya daɗe. Ina tsaye kusa da kai, na gan ka.

Hajiya Saude kaɗai ta miƙe ta ce a bar dattijo ya ƙarasa. Ka ce lokaci ya ƙure. Bayan an tashi ta biyo mu waje, ta durƙusa gabansa ta roƙi ya rera mata ita kaɗai. Ya ce, "Na gode ɗiyata, amma muryar ta tahi." Muka kama hanyar gida. Washegari ya ce in ƙona takardun waƙar. Ban ƙona ba, ban kuma faɗa masa ba.

Ba ma neman komai na hannunku. Ina roƙon ka zo Wara da ƙafarka, tare da mai gabatarwar nan, ku ba shi haƙuri a ƙofar gidansa. Kuma duk wanda za ku sake gayyata, ku bar shi ya kai ƙarshen abin da ya zo da shi, ko wa ya shigo. In ba za ku iya ba, ku bar tsofaffinmu a gida da mutuncinsu.

Allah ya ba ka tsawon rai, ya haɗa ka da masu sauraronka ranar da muryarka ta yi rauni.

Wassalam.

Rabi Garba,
Wara.