Tsaga Uku a Injin Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Na koma takarda ne tunda wayarka a wurin aikin nan sai ta ga dama take shiga, in ta shiga kuma kai kaɗai kake magana.

Injin sassaƙar Baba ya karye ranar Talata. Kafin ka miƙe tsaye, shi Baban ko ƙwarzane bai yi ba. Ka san ƙarfen nan da yake ɗora kurfi, abin sassaƙarsa, a kai in katako yana juyawa, wanda yake kira matashi? To, ba shi ba ne, mazauninsa ne, wanda ke riƙe shi a kan gadon inji. Kurfi ya cije a katako, na ji ƙarar tun daga ɗakin ɗinkina. Na tarar mazaunin ya rabe biyu, Baba yana tsaye yana yi wa injin faɗa kamar ɗan da ya haifa.

Na kai wa mai walda na bakin titi. Ya jujjuya shi, ya ce irin ƙarfen zubin nan ne na injuna masu araha, ko ya liƙa zai sake tsagewa, wataƙila lokacin da fuskar mutum take kusa. Na gode masa da ya faɗi gaskiya.

Na san abin da za ka ce, domin shekara biyu kana faɗa: Baba ya haura saba'in, a rufe shagon ya huta. To, tun Talata yake zaune a benci a ƙofar shago, hannu a cinya, ko rediyo ba ya kunnawa. In wannan ne hutun, ni dai ban ga alherinsa ba. Na auna tsohon da tef ɗina na ɗinki, na sa mai kayan injuna ya nemo sabo. Ka yi fushinka daga can, ya huce kafin ya iso.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarka ta iso, na karanta faɗan har ƙarshe, ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Sabon mazauni ya zo. Ramin da ƙafar matashi ke shiga ya yi faɗi, ashe tef ɗin ɗinki bai san ƙarfe ba. Makanike ya yanko guntun bututu ya cusa a ramin, ƙafar ta zauna daram. Ni na ɗaura shi da sifana, na ja shi da hannu, ko motsi ba ya yi. Na kira Baba ina jiran yabo. Ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan, ya sake shafawa, ya ce wannan ba na aiki ba ne, ya koma bencinsa. Kwana uku bai kunna inji ba. Raina ya ɓaci sosai, har na ce a zuciyata gaskiyar Yaya ce, tsufa ne da rigima.

Jiya na tono tsohon daga buhun tarkace don in ga me ya fi sabon. A gefensa akwai tsaga uku da aka yi da magagari, suna ƙyalli, ba su kai shekara ba. Na ɗora ɓarin a kan gadon inji ina turawa gaba da baya, sai na gane. Kowace tsaga in ta zo daidai bakin gado, matashi ya tsaya a tazarar da ta dace da kaurin katakon da yake yawan aiki da shi. Tazarar nan da ido ake ganinta, Yaya. Baba da farce yake nemanta.

Da safe na ajiye masa kofin shayi a hagunsa, ban yi magana ba. Shayin ya huce a wurin. Da na ce ga shayi, sai ya miƙa hannu dama.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba, kuma na ji kunya. Gida ɗaya muke, ni nake wanke masa kaya, amma ban lura ba. Na kai shi wurin likitan ido, ya ce na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, magani zai rage gudun abin ne kawai. A hanya Baba ya ce likitan yaro ne, bai san komai ba.

Don Allah kada ka kira shi tukuna. Ka ba ni mako guda.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka godiya da ka riƙe bakinka har mako guda. Na san ba ƙaramin aiki ka yi ba.

Ga abin da na yi, ka ji daga bakina. Na haɗa ɓari biyu na tsohon mazaunin, na jera su da sabon, na ɗauki magagarin Baba na yi tsaga ukun. Hannuna har ya yi kanta. Ban ce masa komai ba, na dai ce ya zo ya sake dubawa. Farcensa ya faɗa a ta farko, ya tsaya. Sannan ya bi sauran biyun da farcen. Can ya ce ta tsakiyar ta kauce da kamar kaurin zare, kuma tela ce kawai za ta yi irin wannan aika-aika. Na gyara. Maganar ido ba ta fito daga bakin kowa ba.

Ya ɗauko wani katako, ya ce akwai teburin da ya yi wa ƙafa uku, saura ɗaya. Ya ɗaura, ya juya shi da hannu ya ji bai taɓa matashi ba, sannan ya kunna. Na tsaya a gefensa, yatsana a kan makunni. Kunne ya karkata yana sauraron kurfin, yana tsayar da inji yana shafawa, yana ci gaba. Wajen minti arba'in. Da ya gama na jera ƙafar da sauran ukun, na auna sama da ƙasa, ban sami bambanci ba.

Na ɗauka zai nemi wani katakon. Sai ya kashe inji, ya share gadon da tsumma, ya shafa masa mai, ya buɗe murfin baya ya zare bel ɗin da ke juya shi, ya miƙo mini. Ya ce tun bara ya san lokaci ya yi, amma ba zai yarda a ce ƙarfe ne ya karye ya sallame shi ba, ko ɗansa ya rufe masa shago ta waya. Da ƙafarsa ya shiga sana'ar nan, da ƙafarsa zai fita, ya bar injin da lafiyarsa. Na shiga ɗakin ɗinki na yi kukana.

Bel ɗin yana cikin kwalin nan tare da takardar, shi ya ce a aiko maka. Yanzu kana iya kiransa. In ka kira, kada ka ce masa ya kyauta da ya huta. Ka tambaye shi yadda ƙafar teburin ta fito.

Ka gaida Anti da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta