Buhun Geron Inno

Litinin, 16 ga Janairu, 2006
Sun kawo Inno yau. Ƙanena Ibrahimu ne ya goyo ta a mashin daga ruga, da ƙullin kayanta da buhun gero ɗaure a baya. Gobe za su kora shanu Kudu. Nan duk inda ka juya tumatir ne da alkama da kanal na ban-ruwa, saniya ba ta da inda za ta sa baki ba ta jawo rigima ba. Inno kuma ƙafa ta ƙi, bana ba za ta iya tafiyar ba.

Uwata ce, amma ban san ta ba. Rubuta hakan ma nauyi yake min. Ni ce 'yar fari, ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Hajara a cikin Kura. Can na girma, can na yi makaranta, daga ɗakinta aka kawo ni gidan Malam Hashimu. Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Inno ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona. In za ta yi min magana sai ta juya ga bango, ko ga 'yata Nafisat: "A ce wa waccan..."

Malam na ganin buhun ya ɓata rai. "Haba Ibrahimu! Surukata ta zo gidana da guzuri? Me mutane za su ce?" Ibrahimu ya fara, "Ai Yaya, da dai an bar mata..." Malam bai tsaya ji ba, da hannunsa ya mayar da buhun kan mashin ya ɗaure. Na ji daɗi a raina. Mijina ya fitar da ni kunya.

Alhamis, 19 ga Janairu
Ba ta cin abinci. Tuwo, dambu, shinkafa da wake, duk amsa ɗaya: "Na ƙoshi." Ƙoshi da me? Na ce ko kewar nono take yi, Malam ya sayo mai kyau a kasuwa. Ta kalli ƙwaryar ta yi addu'a, ta rufe da faifai.

Talata, 24 ga Janairu
Na kai ta ƙaramin asibitin garinmu. Ashe ranar awon yara ce. Mata cike da rumfa, jarirai na tsala ihu a sikeli, Malama Adama mai duba mu tana koya musu kunun waken suya da gyaɗa. Na ce madalla, na faɗo daidai. Da layi ya zo kaina na ce tsohuwa ce ba ta ci, ko za a sa ta cikin shirin.

Ta ce shirin na yara ne ƙanana da masu ciki. Na ce tsofaffi fa? Ta yi dariya: "Tsofaffi ai 'ya'yansu ne shirinsu." Amma ta kyauta, ta auna jinin Inno, ta ce ba laifi, ta ba mu ƙwayar ƙarin jini, ta ce in dinga dama mata irin kunun. Ta ɗora Nafisat a sikeli tunda mun zo. Wai yarinya ta yi ɓul-ɓul, in ci gaba da abin da nake yi. Ni ban san me nake yi ba.

Asabar, 28 ga Janairu
Kofin kunu yana dawowa wayam, har na fara murna. Yau na leƙa. Nafisat ce ke shanyewa, Inno na riƙe mata kofin.

Alhamis, 2 ga Fabrairu
Masu rigakafi sun shigo gida-gida. Bayan sun ɗiga wa Nafisat na ja ɗaya gefe, na nuna mata Inno zaune a inuwa. Ta ce su na yara suka fito da shi, amma in gwada ofishin jin daɗin jama'a. Kowa yana da abin da zai ba yaro. Tsoho kuwa sai a nuna maka wata ƙofar.

Talata, 7 ga Fabrairu
Na je ofishin. Mutumin da na samu dattijo ne mai fara'a, har kujera ya ba ni. Ya ce tsohuwar ba ta da kowa ne? Na ce tana da ni. Gidan ba abinci? Na ce akwai, mijina manomin rani ne, leburorin gonarsa ma a tukunyata suke ci. An kore ta ne, ko ana dukanta? Na ce subhanallahi.

Ya ajiye biro ya ce, "To baiwar Allah, taimakon me kike nema?"

Na yi godiya na fito. A mota na yi ta juya tambayar har muka wuce Kadawa. Me nake nema? Wanda zai sa uwata ta buɗe baki. Wane ofishi ke yin wannan?

Asabar, 11 ga Fabrairu
Zoben azurfarta ya zame daga yatsa, na tsince shi a wurin alwala. Ruwa da goro take rayuwa a kai. Tsoro nake ji.

Talata, 14 ga Fabrairu
Ta faɗi da hantsi, tana ƙoƙarin ɗaukar buta. Malam ya baro ɗibar tumatir, kwanduna a zube, ya samo mota muka kai ta babban asibiti. An sa mata ruwa. An duba sikari, an duba tsargiya tunda mu mutanen bakin kanal ne, an duba ƙirji. Babu komai.

Likita ya kalle mu ya ce, "Yunwa ce."

Malam ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko baƙon kare bai bari ya wuce ƙofarsa haka nan. Da muka fito baranda ya ce, "Khadijat, a gidana?"

Juma'a, 17 ga Fabrairu
Abin da na gani yau ya fi ƙarfin kaina. Matar da ke jinyar mai gadon kusa da mu, 'yar Madobi ce, ta dama fura ta miƙa wa Inno. Inno ta karɓa ta shanye tas, har da lashe ludayi. Da rana suka ba ta tuwo, ta ci. Kular da na taso da ita tun asuba, da farfesun kazar da Malam ya yanka, tana ƙarƙashin gado ko buɗewa ba a yi ba.

Nas ta ce, "Kin ga magani ya fara aiki." Na ce eh.

Ba magani ba ne. Hannuna ne ba ta so. Na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska na dawo na yi wa matar godiya.

Laraba, 22 ga Fabrairu
An sallame mu, ta ɗan murmure. Muna shiga gida aka koma "na ƙoshi".

Iya Tambaya maƙwabciyarmu ta ce gidan ne ke da iska, tunda a waje tana ci. An yi turare, an karɓo rubutu. Rubutun ta sha. Shi ma Malam ya fara zargin ɗakin, wai ko a sake mata wani. Da yamma Iya Tambaya ta kawo ɗanwake daga gidanta, Inno ta cinye a cikin ɗakin nan mai iskar. Yanzu kuma me za a ce?

Lahadi, 26 ga Fabrairu
Na yi dabara, ta kwaɓe. Na dafa dambu na miƙa ta katanga, Iya Tambaya ta zagayo da shi kamar nata. Na manta ban sake kwano ba. Inno ta dubi kwanon, ta dubi Iya, ta ture shi a hankali. Yau ko na Iyar na gaskiya ta ƙi karɓa. Ƙofa ɗaya da ta rage, ni na rufe ta da hannuna.

Laraba, 1 ga Maris
Isiyaku direba zai kai tumatir Kudu, ya san inda su Ibrahimu suka sauka. Na ce ya gaya masa ya zo ko ya tarar da ita, ko kada ya tarar.

Alhamis, 9 ga Maris
Ibrahimu ya iso. Ya shiga wurinta, suka yi magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, wanda ni rabi nake ji. Ya fito ido jajur ya same ni a madafa.

"Adda, me take ci?"

Na lissafa masa duk abin da na dafa, da asibitoci, da ofis, da turare. Ya ce a'a, ba wannan ba, nata. Wa ya ba ta nata? Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Gidan surukinta ne fa. Mijin 'yar fari. Ta yaya za ta sa hatsinsa a baki? Ko mutuwa za ta yi ba za ta ci ba. Shi ya sa na zo da buhun."

Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ya fara, Yaya ya rufe shi da faɗa, shi kuma ba zai tsaya musu da mijin yayarsa ba. Ya tafi da tunanin ni zan san yadda zan yi. "Na ɗauka kin sani, Adda. Kowa ya sani."

Kowa. Wa zai gaya min? Wadda za ta koya min ita ce ba ta yi min magana. Na san ana kunyar suruki, mu ma a gari ana yi, ba a ci a gabansa, ba a kiran sunansa. Ban san akwai wadda ake yi har a kwanta asibiti ba. Na rasa haushin wa zan ji. Nata? Nasa? Nawa? Na zauna a kan turmi har miya ta kama.

Da Malam ya dawo daga gona muka gaya masa. Ya ce, "Wato ba ƙina take yi ba?" Ibrahimu ya ce girmamawa ce. Malam ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Ita tana jin kunyata, ni ina gudun abin kunya, mun kusa kashe baiwar Allah a tsakani."

Asabar, 11 ga Maris
Buhun ya dawo. Ashe yana can ruga wurin 'yan uwa, ko kwance shi ba a yi ba. Inno ta sa aka jera mata duwatsu uku a bayan ɗakinta. Ƙirare ma ita ta tsinto, da sandarta. Na ɗauki taɓarya zan surfa mata, ina jiran a ce wa bango a bari. Ba a ce ba.

Ta sha kunu. Kofi biyu, ina leƙe ta taga kamar ɓarauniya.

Asabar, 18 ga Maris
Saniyarta ta zo! Wata fara ce da ta haihu a can Kudu, da ɗan maraƙinta. Shawarar Malam ce. Isiyaku ya dawo da mota ba kaya, aka loda su tsakanin kwandunan da babu komai. Rabin unguwa sun fito kallo. Inno ta dafa bango ta taka har ƙofar gida, ta kama kunnen saniyar tana yi mata magana. Maganar da ta yi mata a tsayen nan ta fi wadda ta yi min tun da aka haife ni. Ba kishi nake da saniya ba. Ko kuwa ina yi ne?

Alhamis, 23 ga Maris
Kullum da safe Malam kan yanko ciyawa a bakin kanal, ya zube gaban saniyar, ya wuce kansa a ƙasa. Abin ya dame ni. In ciyawarsa ce ta zama nono, ba mun koma inda muka fito ba? Na kasa haƙuri, na ce wa Nafisat da ƙarfi ta tambayi kakarta ko a daina.

Inno tana tatsa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "A ce wa waccan, saniya ba ta da suruki."

Kafaɗunta na rawa. Dariya take yi. Ban taɓa gani ba.

Talata, 28 ga Maris
Malama Adama ta tare ni a hanya, wai wane magani ne ya karɓi tsohuwa, ko za ta gaya wa wasu. Na ce gero da saniya. Ta ce in daina wasa. Na mayar wa Inno zobenta, ya zauna.

Lahadi, 2 ga Afrilu
Zafi ya shigo, tumatir ya ƙare. Har yanzu ban gane kan abin nan duka ba, kuma na daina ƙoƙari. Tukunya biyu a gida ɗaya, maƙwabta na magana, su yi ta yi.

Da la'asar ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai ga ta da ƙaramar ƙwarya. Ta ajiye kusa da ƙafata, ta juya ga bango ta ce, "Akwai wata a gidan nan, ita ma ta rame." Ta koma ɗakinta.

Ba wani abu ba ne, nono ne kawai. Ya ma ɗan yi tsami. Nafisat ta zo tana miƙo hannu, na hana ta.