Ni Na Goge Wasan Mijina, Wani Ake Tuhuma

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bin wannan shafi. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, domin mu Hausawan da ke Kuala Lumpur ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Ina roƙon duk wanda zai zage ni ya bari sai ya karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, ba sai an gaya mini ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, fushi ne ya fi nadama yawa.

Shekararmu huɗu a unguwar Taman Melati. Mijina yana digirin digirgir a fannin lissafi, ni kuma ina dafa tuwo da masa da dambu ina ƙulla wa ɗalibai, abin da ake ce wa tapau a nan, su zo su karɓa su tafi da shi. Dakta nake kiransa tun kafin ya gama. Mutum ne mai sallah, ba ya neman mata, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shi ya sa duk wanda na fara kai wa ƙara sai ya yi dariya, ya ce, "Wasa ne fa kawai, ki gode wa Allah."

Ga wasan. Wani ɗan Jafan da suke ɗakin bincike ɗaya ne ya koya masa. Besbol ake ce masa, wancan da mutum ɗaya zai jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda ya sheƙa da gudu. Kada ku zaci Dakta ya taɓa riƙe sandar. Ko filin bai taɓa gani da idonsa ba. A kwamfuta yake yi, kuma ba ma shi ke dukan ƙwallon ba. Shi manaja ne. Zai ɗauko wata kakar wasa da aka buga a Amurka tun kafin a haife shi, da 'yan wasanta da ƙungiyoyinta, ya sake buga ta daga farko, yana zaɓen wa zai shiga, wa zai zauna, wa za a sayar. Allon cike da lambobi, can kuma sai ihun 'yan kallo na ƙarya ya tashi. Akwai wata ƙungiya da ta sha kashi a wasan ƙarshe a waccan shekarar, ita ya ɗora wa kansa sai ta ci kofi. In ta faɗi ya koma farko. In ya gama wannan kaka ya shiga ta gaba. Shekara uku cur yana gina wannan abu.

Na taɓa tambayarsa, "Dakta, mutanen nan fa wasu sun tsufa, wasu sun mutu. An yi wasan, an gama, an tashi. Me kake nema?" Sai ya juyo da murmushi ya ce, "Ba za ki gane ba. Da manajansu ya canza mai jifa da wuri da sun ci. Ni nake gyarawa." Abinci ya huce a gabansa, sai "minti biyar". Na ce mu fita mu sha iska ranar Lahadi, sai "bari wannan zagayen ya ƙare". Duk na shanye. Na ce gara wannan da yawon banza.

Sai Inna ta kwanta. Mahaifiyata kenan, a Kano, ciwon ƙoda. Yayana ne ke jinyarta a asibiti, kullum yana haɗa mu ta bidiyo. A makon nan wayata ta faɗi gilashinta ya fashe, na kai wa Malam Lawi, wani Bahaushe mai ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a unguwarmu, wanda kusan duk ɗalibanmu wurinsa suke zuwa. Na gaya wa Yaya in da wani abu ya kira lambar Dakta.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Ina kicin ina suyar masa, shi yana ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin ihun 'yan kallon nan. Wajen la'asar sai ga shi ya fito da gudu, hannu sama, yana cewa, "Mun ci! Wallahi mun ci kofi! Saka mayafinki mu je mamak, gidan abincin nan, yau ni zan saya miki duk abin da kike so." Har dariya na yi masa, Anti. Har na ce masa barka. Ina neman mayafin ne ya ce bari ya kira Yaya, ya ga alamar kira. Na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙo mini wayar. Inna ta cika, bai fi minti ashirin ba.

Ya ce mini wayar ba ta yi ƙara ba, matsalar sadarwa ce. Na yarda. Me zai sa in ƙi yarda? Ban samu zuwa gida ba saboda takarduna suna wurin sabuntawa. A falona na yi zaman makoki, kuma wadda ta riƙe ni a kwanakin nan ita ce Maman Ummi, matar Malam Lawi. Ita ta dafa wa masu gaisuwa abinci, ita ta dafa wa ɗalibaina na mako biyu don kada su watse, ita ta riƙa matsa mini sai na sa wani abu a bakina.

Bayan arba'in muna waya da Yaya, sai ya ce, "Auta, akwai abin da ke cina, amma ba na son in haɗa ki da mijinki." Na matsa masa. Ya ce ranar nan sau bakwai ya kira. Inna ta farfaɗo da safensu na Kano, hankalinta ya dawo sarai, ta ce a kira mata Auta. Kira na biyu katse shi aka yi. Sannan saƙo ya shigo. Ya turo mini hotonsa, yana nan a wayata har yanzu: "Yaya ina tare da malamina a ofis, zan kira ka anjima." A ƙasa Yaya ya rubuta, "Inna ce ke son magana da ita yanzu." Ba a buɗe wannan ba sai bayan awa ɗaya da rabi. Yaya ya ce Inna ta yi ta kallon wayar tana cewa, "Ba ta ɗauka ba?" har ta gaji ta rufe ido.

Ofis? Wane ofis? Taku goma ne daga kujerarsa zuwa inda nake tsaye! Da ya buɗe ƙofa ya miƙo mini wayar ya koma kan wasansa, wa zai hana shi? Shi wasansa ana tsayar da shi, ana komawa baya, ana sake bugawa sau ɗari. Ni wa zai dawo mini da wannan awa ɗaya da rabin? Me Inna take son gaya mini? Har in mutu ba zan sani ba.

Na ajiye masa hoton a gabansa. Ya yi kuka, ya durƙusa, ya ce, "Na zaci gaisuwa ce irin ta kullum. Saura zagaye biyu a gama wasan ƙarshe. Wallahi da na san haka ne..." Na ce, "Da ka san haka ne da me? Ka san tana asibiti ko ba ka sani ba?" Ya rantse ya bar wasan har abada. Kwana goma sha ɗaya ya yi. A na sha biyu na dawo daga kasuwa da rana, ina buɗe ƙofa na ji ihun nan. Ya rage ƙarar, amma na ji. Da na leƙa sai ya ce, "Dubawa kawai nake yi, kaina ya yi zafi da rubutu." Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukan da ya fi na ranar rasuwar.

A makon ne kwamfutarsa ta fara nauyi, ya kai wa Malam Lawi ya canza mata ma'ajiya, ya kwashe komai daga tsohuwar zuwa sabuwa, aka share tsohuwar. Ranar Juma'a da hantsi ya karɓo ta, ya ajiye a tebur bai ko kunna ba, ya yi wanka ya tafi masallaci a Kampung Baru. Dakta ya manta cewa kafin ya aure ni difloma na yi a kwamfuta. Na kunna. Komai yana nan daidai, Malam Lawi bai bar ko ɗigo ba. Na nemo inda wasan ke ajiye duk kakar da ya buga, aikin shekara uku, har da kofin nan da ya ci ranar da uwata ke kirana. Na goge. Na bi kwandon shara na goge. Na bi ta yadda ba mai iya dawo da shi. Rubutun digirinsa ko taɓa shi ban yi ba, Allah ne shaidata. Kuma in gaya muku gaskiya? Daɗi na ji. Na koma kicin na ci abinci har na ƙara, abin da na yi wata biyu ban yi ba.

Na shirya zai tambaye ni. Na shirya amsata ma. Amma ko kallona bai yi da zargi ba, don a wurinsa ni mai tuƙa tuwo ce kawai. Ya fito idonsa jajir yana cewa, "Lawi ya kashe ni!" Ya ɗauki kwamfutar ya nufi shagon. Aka ce ya yi ta ihu har maƙwabtan shago suka fito. Malam Lawi yana ta cewa, "Dakta, wallahi komai na kwashe, na duba da idona." Da yamma kuma sai ga saƙonsa a zauren wayar 'yan ƙasarmu, wai kowa ya yi hattara, Malam Lawi ya salwantar masa da "aikin bincike na shekara uku".

Aikin bincike! Kun ji mutumin nan? Kunya ta hana shi cewa wasa ne, sai ya sake yin ƙarya, irin wadda ya yi wa Yaya. Kun san abin da wannan kalma take nufi ga ɗalibin da ya bar ƙasarsa don karatu? Wa zai sake miƙa kwamfutarsa ga mutumin da ya ɓatar da digirin wani? Cikin mako biyu shagon ya koma kamar kango. Masu kaya a wurinsa suka je suka kwashe ba a gyara ba. Ni kaɗai a duniyar nan na san abu biyu: ba bincike ba ne, kuma ba Malam Lawi ba ne.

Shekaranjiya Maman Ummi ta zo. Ta zauna a kan tabarmar da ta zauna lokacin makoki, ta riƙe hannuna. Ta ce, "Ƙanwata, ki taimake ni ki ba Dakta haƙuri. Baban Ummi ba ya cin abinci. Shekara tara yana sana'ar nan ba a taɓa cewa ya ɓatar da ko hoto ɗaya ba. Yanzu har ya fara cewa ko dai shi ne ya yi kuskure bai sani ba, ko idonsa ne ya fara lalacewa." Na buɗe baki in faɗa mata. Sai na ji kaina ina cewa, "In sha Allahu zan yi masa magana." Har ta yi mini godiya. Har ta bar mini kunun da ta damo, wai ta ga na rame. Wace irin mace ce ni?

Yanzu manyanmu sun sa zama ranar Lahadi bayan la'asar a Sentul, gidan wani dattijo da muke girmamawa. Maman Ummi ta ce mijinta ya yanke shawarar zai amsa laifin ya ba da haƙuri a gaban kowa, don a zauna lafiya. Zai sunkuyar da kai a kan abin da bai yi ba. Dakta kuma ya goge rigar da zai saka, ya ma sake komawa kan wasan, ya fara daga kakar farko, yana cewa ai yanzu ya fi sanin yadda zai tsara su.

Wani ɓangare na zuciyata na so in bi su Sentul, in miƙe a gaban dattawan in ce ni ce, kuma ba bincike ba ne, wasan sanda ne, sannan in karanta musu saƙon da ya tura wa Yaya kalma bayan kalma, kowa ya san wane ne shi. Amma in na yi haka na tona asirin mijina a garin da ba mu da kowa, kuma zamana a ƙasar nan a kan takardarsa yake. In na gaya masa a ɗaki mu biyu, na san shi, zai mayar da laifina ya fi nasa girma, kuma ba lallai ya fita ya wanke Malam Lawi ba, don sai ya fara amsa tasa ƙaryar. In kuma na yi shiru, da wane ido zan sake kallon matar da ta riƙe ni ranar da na rasa uwa?

Ba na nadamar goge wasan, kada wani ya ce in nemi gafararsa a kan wannan, ba zan iya ba tukuna. Abin da ke hana ni sukuni shi ne bawan Allahn da ke shirin durƙusawa saboda ni. Yau Alhamis, saura kwana uku. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi kafin la'asar ɗin Lahadi?