Taubashina Ya Ce Na Zuba Yis Ɗin Kanti

Aikin farko na yau: na ciyar da hamira, garin alkama da ruwa mai ɗumi.

Inna Turai, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama. Ni mutumin Damagaram ne, ina gasa burodi a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya tare da taubashina Yunus, ɗan ƙanwar babana. Ba ma amfani da yis na fakiti. Muna da hamira, wato tsamin kullu da nake kiwo a kwalba, kuma don ɗanɗanonta masu butik, wato kantuna, da 'yan shantiye, ma'aikatan gini, ke nemanmu.

Bara hamirar ta lalace. Tana da rai, tana wari, amma kullu ba ya tashi. Muka koma yis na kanti, muka faɗa wa kowa gaskiya. Ni dai ban zubar da kwalbar ba, na ci gaba da ciyar da ita ana yi mini dariya. Watan jiya na buɗe na tarar ta tumbatsa har murfi. Na gwada, burodi ya tashi da tsohon ɗanɗanonsa.

Na kira 'yar yayata Khadijat, mai karatun kimiyyar halittu. Ta ce yis halitta ce mai rai. Wani lokaci aibi kan shiga ƙwayoyin gadonta, ta kasa yin aikinta. Amma cikin miliyoyin da ke hayayyafa, ɗaya kan sami wani sauyi na biyu da zai rufe aibin farko, sai zuriyarta ta rinjayi sauran. Ta ce masana na ganin haka, sai dai ba za ta rantse shi ne ya faru a kwalbata ba.

To ga abin da ke ci mini rai. Ranar Juma'a wajen shayi, gaban jama'a, Yunus ya ce mataccen abu ba ya tashi, yis ɗin kanti na zuba a ɓoye. Aka yi ta ƙyaƙyata. Da na ɗaure fuska sai aka ce haba, wasan taubashi ne, ba a fushi da shi. Kowace Juma'a sai ya maimaita. Yanzu Alhaji Tijani, babban mai sayenmu, ya daina karɓa, wai ba ya hulɗa da mai algus. Wannan wasa ne? Ni da ban taɓa tauye awo ba ake kira maƙaryaci, kuma al'ada ta ɗaure mini baki!

Abin haushin, har ni ya sa wa shakka. Ina ta tambayar kaina ko na taɓa tsoma cokalin yis a kwalbar ban wanke ba. Ban tuna ba. Na san dai ban zuba da gangan ba.

Na yanke shawarar ɗauke kwalbata mu raba tanda, ko da zumunci zai taɓu. In yi?

Ayyukan gobe da ban gama ba:
Gyaran ƙofar tanda.
Zuwa wurin Alhaji Tijani, in ƙafata ta yarda.
Maganar Yunus.

Naki, Mai Burodin Tamanrasset.

Amsa:

Ɗan'uwana, fushinka na kan hanya. Wasan taubashi yana da iyaka, kuma iyakarsa mutunci da abincin mutum. Ranar da Alhaji Tijani ya janye, wasa ya ƙare.

Amma ka duba ɓangaren Yunus. Mai yiwuwa da gaske bai yarda ba, ya rasa yadda zai tambaye ka kai tsaye, ya fake da wasa. Kuma asarar nan har shi ta shafa, tandarku ɗaya. Ban ga alamar ya lura da hakan ba, don ba ka taɓa faɗa masa a zaune ba, fuska kawai ka ɗaure.

Batun kwalba kuwa, ka daina azabtar da kanka. Bayanin Khadijat mai yiwuwa ne, cokalin ma mai yiwuwa ne, ko wani yis daga garin alkama. Ba ku da kayan binciken da zai raba gardamar. Kada ka rantse a kan abin da ba ka sani ba. Ka tsaya kan wanda ka sani: ba ka yi algus ba.

Kada ka raba tanda tukuna. Ka sami Yunus shi kaɗai, ba wajen shayi ba, ka ce masa yau ba taubashi ke magana ba, abokin sana'a ne. Ka raba hamirar biyu, ka ba shi rabi ya ciyar da hannunsa, ya yi kwaɓi da ita, ya ɗanɗana. Sannan ka nemi abu ɗaya: a inda ya ɓata sunanka, a nan zai wanke shi, kuma ku taka wurin Alhaji Tijani tare. In ya ƙi, ka kira dattijo cikin 'yan Damagaram ya shiga tsakani. In ya sake ƙi, to ka ɗauki kwalbarka ba tare da kunya ba, ka ci gaba da gaishe shi.

Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya sa albarka a tandarku.

Inna Turai