Ɗigo Huɗu a Kan Kati

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Agogo ta tsaya a kaina. Shugabar ɗakin wankinmu ke nan, mun sa mata sunan ne don kullum idonta yana bango. Wai zanen gado arba'in na goge, wadda ta zo bana ta goge sittin. Na ce mata ƙuguna da cinyoyina ciwo suke kamar ana sara. Ta ce kowa ma yana da ƙashi. In ban kawo takardar likita kafin ƙarshen wata ba, za ta ba wata teburina.

Shekara tara a ƙarƙashin otal ɗin nan, ɗakin da ko taga babu. In shiga rana ba ta fito ba, in fito ta faɗi. Yau ni ce malalaciya.

Laraba, 5 ga Maris

Baban yara ya ga ina hawa bene ina dafa bango, ya ce, "Ke dai akwai raki." Na haɗiye, don in na buɗe baki sai maƙwabta sun taru. Hujjarsa ita ce bara na je asibiti sau biyu, aka ce lafiyata ƙalau, aka sallame ni da maganin ciwon jiki.

Ina zama Mama, mahaifiyata, ta ƙwala kira daga ɗakin baya, in zo in matsa mata ƙafa, wai ƙashinta. Tun faɗuwar da ta yi a bakin ƙofa shekara biyu da suka wuce na hana ta fita, kada ta karye. Na ce, Mama, tsufa ne, ba shi da magani, a bar ni in ji da kaina.

Asabar, 8 ga Maris

Auta, ƙanwata mai aiki a kantin magani, ta kawo mini wani ɗan kwali. Gwajin bitamin D ne da ake yi a gida. Wai jiki daga rana yake samunsa, in ya yi ƙaranci ƙashi ya dinga ciwo, mutum ya dinga gajiya. A huda yatsa, a ɗiga jini ɗigo huɗu a kan kati, a bari ya bushe, a aika ɗakin gwaji, sakamako ya zo a waya. Kati biyu ne a ciki.

Baban yara ya yi dariya, ya ce mutum a duniyar nan ya rasa rana? Shi da yake yini a kan titi yana tuƙi, ina zai sani. Wanda ya ƙoshi bai san da mai jin yunwa ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na huda. Jinin ma sai da na yi ta matsa yatsa, kamar shi ma ya gaji. Takardar ta ce a jira awa uku ya bushe. Ni da nake busar da riga a minti biyu? Na ɗora ƙyalle a kai na bi shi da dutsen guga, sau ɗaya tak. Ya bushe ƙayau.

Alhamis, 13 ga Maris

Sun ce katin ya lalace, zafi ya taɓa shi.

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, wai Yaya ta yi wa jininta guga, saura ta ninke shi. Haushin kaina ya fi na kowa. Kwana huɗu sun tafi a banza, Agogo kuwa yau har da nuna wa sabuwar nan inda nake ajiye kwalbar fesa ruwa.

Juma'a, 14 ga Maris

Kati na biyu. Na ɗora shi a kan kabad na haɗe rai na zauna gadinsa. Mama ta leƙo da sandarta ta tambayi abin da nake tsaro. Na gaya mata. Ta ce, "Ai ni tun da na ga yadda kike tashi daga tabarma na san ba ƙarya kike ba." Ni dai hankalina yana kan kati.

Alhamis, 20 ga Maris

Sakamakon ya fito. Ƙasa can, har sun ja layi da ja.

Na kai wa baban yara wayar har hanci. Ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce to Allah ya sawwaƙe. Shi ke nan? Wata takwas yana kirana mai raki, a biya ni da kalma uku. Na so in ji daɗi, amma sai kuka ya zo mini, na takaici. Ashe sai waya ta yi magana za a yarda da matar gida.

Litinin, 24 ga Maris

Likita ta sake aunawa a asibiti don ta tabbatar, ta rubuta magani da takarda. Na ajiye takardar a gaban Agogo. Ta karanta sau biyu. Teburina yana nan a hannuna, kuma zan dinga hawa sama in sha rana lokacin hutu. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, ni ma ban nema ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Likitar ta tambaya ko akwai wani a gidanmu da ba ya fita. Na ce babu. Ina ruwanta da gidanmu.

Talata, 25 ga Maris

Na ce babu.

Asabar, 29 ga Maris

Ba wai wani abu ba ne. Gari ya yi kyau, ni kuma an ce in zauna a rana, zama ni kaɗai gundura ne. Shi ya sa na fitar da kujera biyu bakin ƙofa. Mama ta tsaya a dokin ƙofa tana ƙifta ido, ta ce ba na ce kada ta fita ba? Na ce ta riƙe kafaɗata kawai. Taku bakwai ne, mun yi su a hankali, kowa tana nishinta. Ban san ta rame haka ba.

Na ce Auta za ta zo jibi mu kai ta asibiti a duba jininta. Ta miƙa ƙafafunta a rana. Can ta ce, "Ni ma sai takarda ta fito za ki yarda?"

Na share hawaye, na ce rana ce ta shigar mini ido. Na sauka ƙasa na ɗora ƙafarta a cinyata, na tambaye ta daga ina ciwon yake farawa.