Garken da Ka Bari a Bakin Gulbi

Zuwa ga aminina Manu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai sa ɗan'uwansa a ido ba, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobi, a duk ƙasar da Allah Ya sauke ku. Ni ne Garba mai gyaran rediyo na kasuwar Bukkuyum, wanda kake kira Kaɗo. Ban san inda zan aika takardar nan ba, shi ya sa na ajiye ta a fili. Wataƙila wani ya san wanda ya san ka.

Dalilin rubutun shi ne amanar da ka bar mini. Akwai bayani a kanta, kuma gara ka ji daga bakina. Ka yi haƙuri in faro daga farko, saboda masu leƙen takardar ba su san zancen ba.

Ka tuna gem ɗin nan, 'yar na'urar wasa ta hannu, da na tsinto cikin kayan gwanjo a Gummi, shekarun da wayar salula ta fara shigowa wajenmu. Kaset ɗaya ne a jikinsa, rubutun ciki kuma kamar sawun kaji, ba mu taɓa karanta ko harafi ɗaya ba. Wasan yaƙi ne na wata ƙasar tatsuniya. Filin a yanke yake gida-gida irin na dara. Kana da rundunarka: 'yan baka, masu takobi, wata yarinya mai sandar warkarwa, da mace guda da ke hawan doki mai fiffike. Ka taka naka ɗaya bayan ɗaya, abokan gaba su taka nasu. Ba ya gaggauta kowa. Kana iya ajiye shi ka je salla, ka dawo ka tarar kowa na tsaye inda ka bar shi. Sai dai duk wanda aka kashe maka ya tafi ke nan, ba ya sake fitowa a yaƙi na gaba.

Yara 'yan makaranta sun gwada shi suka watsar, suka ce ba ya gudu. Ni na riƙe shi don ina son cin nasara. Kai kuwa rediyonka ka kawo gyara daga rugarku ta bayan Adabka, ka tsuguna kana kallona, har na gama da rediyon ba ka tashi ba.

Kaset ɗin yana da ma'aji uku, inda mai wasa ke adana inda ya tsaya. Na ba ka ɗaya.

Daga nan kowace ranar kasuwa, in ka sallami matan da suka kawo nono ka gama cefanen ruga, sai ka zo ka zauna a bakin rumfata tsakanin azahar da la'asar. Gilashin gem ɗin ba shi da fitila, dole sai an karkata shi wajen hasken rana. Damina biyu ka yi a haka.

Ban taɓa ganin mai wasa irinka ba, kuma ba yabo nake yi ba. Yaƙin da nake gamawa kafin shayi ya huce, kai sai ka ci kasuwa uku a kansa. Ni janar nake yi, kai kiwo kake yi. Ƙarfafa a baya da gefe, raunana a tsakiya, kuma ba wanda zai wuce mafi nawar tafiya a cikinsu. Wata rana na leƙa na ce maka mutanenka sun kai goma sha bakwai. Ka ɗaure fuska ka ce, "Kaɗo, ba a ƙidaya su. Sanin su a ka yi." Lallai ka san su. Tunda ba mu iya karanta sunayensu, sai ka raɗa musu na shanunku, kowa gwargwadon launin tufarsa.

Akwai wani tsohon soja mai jan sulke da farin gemu. Taku uku kawai yake yi a zagaye ɗaya, mashinsa kuma ya fi kuskure yawa. Ka sa masa Woɗeye, sunan jar saniyar da Innarka ta ba ka tun kana ƙarami. Na yi ta tsokanarka, ƙaton namiji da gemu ka ba shi sunan saniya. Na ce ka bar shi a sansani, cin wuri kawai yake yi. Ka ce, "Wagga ba ta kasuwa ba ta." Ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba.

A lokacin na ɗauka sakarci ne. Ni nawa ma'ajin cike yake da gurbin waɗanda na jefa gaba don su janye hankalin maƙiya. Na gama wasan sau biyu, na kashe dodon ƙarshe, amma yau ko fuska ɗaya ba na tunawa a cikin rundunata. Taka kuwa har yanzu ina iya lissafo ta da suna. Ina jin abin da ke riƙe mutum a wasan nan ke nan. Ya ba ka mutane, ya ba ka lokacin tunani yadda kake so, sannan duk wanda ka rasa ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Sai ka iso yaƙin gulbi. Gada ce siririya mai cin mutum ɗaya, maƙiya kuma suna ɓullowa ta baya. Na nuna maka yadda ake yi: a tsayar da mai sulke a bakin gada ya tare hanya, sauran su haye, shi a bar shi. Don haka aka yi shi, kowa ya duba zai gani. Ka ƙi.

Abin da ka yi har yau ina ba da labarinsa. Ka tattara su a kan wani tudu, ka dinga wuce zagaye ba ka taka kowa. Na tambaye ka me kake jira. Ka ce, "Ruwa na janyewa. Mi kaka sauri?" Wato ka zata gulbin cikin gilashi zai yi abin da gulbin Ka yake yi bayan kaka, ku bi ta mashigi gaba ɗaya. Na yi dariya har dalmar soda ta ɗigo mini a ƙafa. Ka yi zagaye wajen arba'in kafin ka yarda cewa ruwan nan zane ne. Ko da ka yarda, ba ka karɓi shawarata ba. Ka fita daga yaƙin ka ce za ka yi tunani.

Ba ka gama tunanin ba gonaki suka cinye burtalinku, manyanku suka yanke shawarar tashi. Ranar kasuwarka ta ƙarshe ba ka ko kunna shi ba. Ka juya kaset ɗin a hannu, ka miƙo mini, ka ce, "Ga su nan. Kak ka ƙetare da su sai na komo." Na ce to. Mu 'yan gari mu ne muka saba ba ku amanar shanu, ranar nan abin ya juya.

Sau ɗaya na ji labarinku, wai an gan ku kudu da Kwantagora. Daga nan shiru.

Na riƙe maganarka shekaru masu yawa. Na naɗe kaset ɗin a leda cikin akwatin kayan aiki, lokaci zuwa lokaci in kunna in ga suna nan, in kashe.

Yanzu ga abin da ya faru. A cikin kaset ɗin akwai ɗan batir kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da abin da aka adana. Watan jiya na ɗora masa mitar gwajin wuta, na ga ya kusa mutuwa. In ya mutu komai ya goge. In aka cire shi don a sauya, nan ma komai ya goge, sai dai a jona wani da waya kafin a ɗaga tsohon, hannu kuma bai motsa ba. Hannuna ba kamar da ba ne, Manu. Na ji tsoro. Na ce a raina in dai ɓacewa za su yi, kada su ɓace a wannan gaɓar suna jira.

Na saɓa maka. Na ƙetare da su.

Yini uku na rufe rumfa da azahar. Na yi irin naka. Na fara tura Woɗeye tun maƙiya ba su ɓullo ba, na sa ƙarfafa suka tare baya, na bar shi yana ta taku uku-ukunsa. Ashe ana iyawa, haƙuri kawai yake so. Ya rage gida biyu ya sauka daga gada, sai halina ya motsa. Na ga an kusa, na janye mai dokin nan da ke kare gefensa zagaye ɗaya kafin lokaci. Wani ɗan baka da ban lura da shi ba ya fito daga cikin itatuwa ya harbi Woɗeye. Tsohon ya faɗi wata magana da rubutun da ba ma iya karantawa, ya dushe.

Ina iya kashewa in sake daga farko. Ban yi ba. Na ji tsoron batirin, kuma ban taɓa ganin ka yi haka ba. Na haye da sauran, na adana.

Washegari na yi ta maza na jona wayar, na sauya batirin. Hannun bai motsa ba. Komai na nan. Da da wannan na fara, da har yanzu tsohon yana tsaye a bakin ruwa tare da 'yan'uwansa.

Na san al'adarku, in dabbar amana ta mutu a hannun makiyayi, yakan kawo fatarta mai ita ya gani da idonsa. Ni ba ni da fatar da zan kawo maka. Abin da zan iya shi ne in faɗa ba tare da kwana-kwana ba: ba cuta ba ce, ba ƙarfin maƙiya ba ne, gaggawata ce. Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata wasa ya dami mai furfura, kuma na yi kewarka ƙwarai.

Sauran suna hayin gulbi, lafiyarsu ƙalau. Ba zan ƙara taka su ko gida ɗaya ba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya ba dabbobinka ciyawa da ruwa, Ya raba ka da sharrin hanya. In kana raye, Allah Ya kai maka takardar nan, Ya sa ka yafe mini. In kuma ka riga mu, Allah Ya jiƙan ka, Ya sa kada a tambaye ni wata amanar da ta fi wannan nauyi in rasa amsa.

Naka mai laifi,
Garba