Famfon da Ke Cikin Hoton

Garo, Ƙaramar Hukumar Kabo.

Zuwa ga ɗana Muzammil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya same ka lafiya a can Meziko, Ya sa albarka a karatun noman masarar da ya kai ka. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar innarka Hajaratu ta yi sauƙi, Asta ta haifi namiji. Taki kuwa bana ma ya gagare mu.

Takardarka ta zo, shafi huɗu, uku duk labarin gwamnan jihar da kake zaune. Ka ce malamin firamare ne, ya zama sakataren ƙungiyar malamai, ya riƙe garinsu, ya je majalisa, yanzu ga shi gwamna, kuma shekara shida zai yi ya sauka, ba tazarce. A shafi na huɗu ka ce kai ma za ka dawo ka nemi kansila, in tsaya bayan sallar Juma'a in gabatar da kai ga dattawan Garo.

Muzammil, na taɓa yin wannan tsayuwar. Zamanin farar hula na baya, ina hedimasta, na tsaya a ƙofar masallacin nan na gabatar da abokin karatuna. Malam Zailani liman ya tambaye ni ko na yarda da shi, na ce na yarda. Abokin nawa ya ci zaɓe, ya zo da makaɗa ya kafa famfo a bakin kasuwa. Aka ce an shiga tsuke bakin aljihu, bututu bai iso ba. Yau shekara goma sha takwas awaki ake ɗaurewa a jikinsa, kuma ba sunan abokin nawa ake kira ba, famfon Hambali ake cewa. Da aka ƙaddamar da Shari'a bara na yi murna, sai na hango shi a sahun gaba, ya tsayar da gemu.

Hoton da ka aiko, na gwamnan naka yana buɗe famfo a wani ƙauye, na sa tabarau na duba shi da rana. Kai fuskarsa ka kalla, ni ƙasa na kalla. A bushe take. Wataƙila ba a kunna ba tukuna, ban sani ba. Ka koma ƙauyen ranar da babu makaɗa, ka murɗa da hannunka.

Ba zan tsaya ba, ɗana. Ba don ina zarginka ba. Bakina ne ya riga ya ƙare a garin nan, zai ja maka, ba zai ɗaga ka ba. Ka dawo da irin masarar, gonar mahaifinka tana nan. In ta yi kyau, ba sai wani ya gabatar da kai ba.

Hajaratu, Asta da Altine suna gaishe ka. Gwaggonka Maryamu ta Madadi ta ce ka riƙe salla.

Wassalam. Baffanka,
Hambali